Me ya sa rigunan tsofaffin finafinai suka ƙi mutuwa

Ƙanwata na ga tambayarki, wai kin ci karo da labarin wata baƙar doguwar riga ta tsohon fim da aka yi gwanjonta da kuɗi masu ban tsoro, kin kalli hoton kin ga ba aiki ba duwatsu ba leshi, har kina cewa ke da kika fara koyon keke bara ma za ki iya fitar da ita a wuni ɗaya, to me ake zuzutawa a rigunan tsofaffin finafinan Turawa. Tambaya ce mai kyau wallahi, kuma na ji daɗi da ta fito daga bakin mai koyon ɗinki. Na daɗe a sana'ar nan, na yi wa amare na yi wa 'yan wasa, kuma kallon tsofaffin finafinai don nazarin kayan jikinsu ya zame min kamar makaranta, don haka ki gyara zama zan ɗan ja.

Rigar da kike magana ta Audrey Hepburn ce a fim ɗin Breakfast at Tiffany's na 1961, wani tela Bafaranshe Hubert de Givenchy ya yi ta, kuma gidan gwanjo na Christie's a Landan ya sayar da ɗaya daga cikin waɗanda ya ɗinka mata a watan Disamba 2006 kan fam 467,200. Amma ki bar hoton, ki nemi farkon fim ɗin ki kalla. Gari bai gama wayewa ba, titi ba kowa, tasi ta tsaya, mace ta sauko cikin rigar fita biki har ƙasa da dogayen safar hannu da sarƙar lu'ulu'u da baƙin tabarau, ta tsaya gaban gilashin kantin gwala-gwalai tana cin ɗan abin karyawa daga leda ta takarda da kofi a hannu. Babu wanda ya ce uffan amma kin riga kin san abubuwa uku game da ita, ba a gida ta kwana ba tunda kayan dare ne a jikinta da sassafe, tana son dukiyar da ke bayan gilashin, kuma ba ta da ita. Rigar ce ta faɗa miki duk wannan. Sannan ki lura mafi yawan lokacin kyamara bayanta take gani saboda ta fuskanci gilashi, shi ya sa gaban rigar shiru ne ba hayaniya, duk gwanintar an kai ta baya inda aka yanke wuyan ya bayyana kafaɗu. An yi ɗinkin ne da sanin inda kyamara za ta tsaya. Wannan shi ne bambancin telan fim da telan biki, mu na biki muna ɗinka wa mace ne don ta fi kowa kyau a fili, na fim yana ɗinka wa labari ne.

Kuma kar sauƙinta ya ruɗe ki. Riga mara ado ita ce ta fi tona asirin tela, don babu inda za ki ɓoye kuskure. Leshi da duwatsu suna rufe karkataccen ɗinki, amma baƙin satin zalla in kika kuskure rabin inci a ƙugu ko kalmasa ta ɗan tattare, fitila na haskawa kowa zai gani.

Abu na biyu da mutane ba sa tunawa shi ne yawancin tsofaffin finafinai babu kala a cikinsu, baƙi da fari ne, to mai tsara kaya dole ya yi tunanin yadda kowane launi zai koma toka-toka. Ja da kore masu ƙarfi ɗaya za su iya fitowa iri ɗaya sak a allo. Akwai fim na 1938 mai suna Jezebel, Bette Davis ta fito a matsayin budurwa mai taurin kai a New Orleans, aka shirya babban biki wanda al'ada ta ce duk budurwa fari za ta sa, ita kuma ta kafe sai ja, kuma wannan jar rigar ce ta raba ta da saurayinta don duk mutane suka dare suka bar su a tsakiyar fili. To fim ɗin ba kala, ta yaya za a nuna ja? Orry-Kelly da ya yi kayan bai ɗinka ta da jan yadi ba, launin tagulla aka yi amfani da shi don shi ne ke fitowa da nauyin da ido zai karɓa a matsayin ja a tsakiyar fararen riguna. Har yau mutane suna cewa jar rigar Jezebel alhali ba wanda ya taɓa ganin ja a allon. Ni wannan yana burge ni fiye da duk wani tsadar yadi.

Edith Head ma, wadda ita ce uwar ɗakin wannan sana'a, ta yi shekara arba'in da wani abu a kamfanin Paramount kafin ta koma Universal a 1967, ta ci kyautar Oscar sau 8 daga cikin sau 35 da aka sa sunanta, baƙin tabaran da aka san ta da shi asalinsa gilashi ne mai shuɗi-shuɗi da ake kallon yadi da shi don a ga yadda zai fito in an cire kala. Ita kanta kyautar Oscar ta kayan sawa ba a fara ba da ita ba sai kan finafinan 1948, kuma kashi biyu aka raba ta, na masu kala daban na baƙi da fari daban, saboda sun san aiki biyu ne mabambanta.

Da kala ta shigo sai matsalar ta juye. Takalman Dorothy, yarinyar da ke fim ɗin The Wizard of Oz na 1939, a littafin asali na azurfa ne, aka mayar da su ja mai ƙyalli saboda suna so su yi tsalle a ido a kan hanya mai ruwan ɗorawa da take bi a fim ɗin a sabuwar fasahar Technicolor. Adrian na kamfanin fim na MGM ne ya tsara su. Ɗaya daga cikin takalman da suka rage, wanda aka taɓa sacewa daga gidan tarihi a Minnesota a 2005 aka gano a 2018, an sayar da shi dala miliyan 28 a Disamba 2024.

Toh bari in zo kan wadda na fi so duk cikinsu, koriyar rigar labule ta Gone with the Wind, shi ma 1939, aikin Walter Plunkett. Yaƙi ya cinye dukiyar gidan su Scarlett, jarumar labarin, ga harajin dala 300 an ɗora wa gonarsu, ba ta da ko sisi, tana so ta je wajen wani mai kuɗi ta karɓo amma ba ta so ya gane ta talauce. Sai ta fizgo labulen mahaifiyarta na karan-miski kore ta ce a ɗinka mata riga. Ki duba wahalar da ke gaban tela a nan, dole rigar ta yi kyau har ta iya ruɗar namiji mai wayo, kuma dole mai kallo ya ci gaba da ganin labule a cikinta. In ta yi kyau da yawa labarin ya mutu, in ta yi muni shi ma ya mutu. Plunkett ya bar igiyar labulen da tuntayenta a matsayin ɗamara, ya sa yadin ya ɗan koɗe kamar wanda ya sha rana shekara da shekaru a taga, ya yi nauyi irin na kayan ɗaki. Kuma a ƙarshe rigar ta yi aikinta, mutumin ya kusa yarda, sai ya riƙe hannunta ya ji kaushi irin na mai aikin gona, asiri ya tonu. Riga ta rufe jiki amma ba ta rufe tafin hannu ba. Duk sanda na kalli wurin nan sai na tuna matan da ke zuwa shagona da yadi ɗaya tal da suka daɗe suna ajiya suna cewa Hajiya ki fitar da ni kunya, don haka ban taɓa kallonsa a matsayin labarin Turawa kawai ba. Rigar tana nan a cibiyar Harry Ransom ta Jami'ar Texas a Austin, a 2010 suka nemi taimakon jama'a dala 30,000 don gyara ta da sauran rigunan fim ɗin saboda nauyin yadin ya fara sa ɗinkin saki.

A fim ɗin dai akwai wata rigar atamfa-atamfa mai araha da take sanye da ita tsawon lokacin yaƙi, wannan kwafi fiye da ashirin aka ɗinka, kowace ta fi ta baya tsufa da datti da yagewa, don a bi labarin daki-daki. Ba wanda ke sa hotonta a mujalla amma a wajena ita ma gwaninta ce. Ba zan wuce fim ɗin nan ban faɗa ba, ya ƙawata zamanin bauta ta hanyar da ke ɓata min rai, kuma baiwar da a labarin aka ce ita ta ɗinka rigar labulen, Hattie McDaniel ce ta fito a matsayinta, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar a 1940, amma a wajen bikin ma teburi daban aka ware mata a gefe. Ina koyon ɗinki daga fim ɗin, ban manta da wannan ba.

Sai abin da ke cikin riga wanda kyamara ba ta gani. Baƙar rigar satin ta Rita Hayworth a Gilda na 1946, Jean Louis ya yi ta, ba hannu ba igiya a kafaɗa, kuma a ciki take rawa tana ɗaga hannuwa tana juyi amma ko motsi rigar ba ta yi ba. Ba sihiri ba ne, gini aka yi a ciki, ɗamara mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙirji da ƙarafuna uku da roba da aka lanƙwasa daidai jikinta, satin ɗin waje kawai lulluɓi ne. Haka riga ruwan hoda ta Marilyn Monroe a Gentlemen Prefer Blondes na 1953, William Travilla sai da ya yi mata shafi mai kauri mai tauri don satin ɗin ya tsaya kyam kar ya tattare lokacin rawa. Ba ina ce miki ki ɗinka irinsu ki sa ba, mu da tarbiyyarmu da suturarmu, amma darasin shafi da abin da ke riƙe riga daga ciki naki ne ko doguwar riga mai dogon hannu za ki yi wa amarya. Yawancin ɗinkin da ke zubewa a jikin amare kafin a tashi daga dina ba yadin ne ya gaza ba, cikin ne ba a gina ba.

Farar rigar Marilyn da iska ke ɗagawa a The Seven Year Itch na 1955 ita ma Travilla ne, duk sirrinta tattarar siket ɗin ce da aka yi ƙanana a ƙugu suna buɗewa zuwa ƙasa, yadin mai ɗan nauyi yadda zai tashi kuma ya sauko da kyau. An fara ɗaukar wurin a titin Lexington a New York a Satumba 1954, taron 'yan kallo ya yi yawa da hayaniya har sai da aka sake ɗauka a cikin sutudiyo. A 2011 aka sayar da ita dala miliyan 4.6.

Maganar kuɗin kuwa, gaskiya ba kuɗin ɗinki ake biya ba, ana sayen jarumar ne da wurin da kowa ya haddace, da kuma ƙarancin abin. Kamfanonin nan ba su ɗauki kayan a bakin komai ba, kayan aiki ne kamar fitila da waya, in an gama fim a mayar sito, gobe a warware a rage a sa wa wata 'yar rakiya a wani fim. A 1970 MGM ta yi gwanjon kayanta gaba ɗaya, jaruma Debbie Reynolds ta dinga saye da kuɗinta tana tarawa da burin gina gidan tarihi, burin bai cika ba, dole ta sayar a 2011, a nan ne rigar Marilyn ta fita, da ta Audrey Hepburn mai fari da baƙi ta wajen sukuwa a My Fair Lady na 1964 wadda Cecil Beaton ya tsara, ita kuma dala miliyan 3.7. Da ba ta tara ba da yawancinsu sun zama tsumma.

Kin kuma tambaya me ya sa yanzu da aka fi kuɗi ba a cika samun irinsu ba. A ganina tsarin aikin ne ya canza. A lokacin kowane babban kamfani yana da sashen ɗinki nasa na dindindin, masu yanka daban, masu surfani daban, masu jera duwatsu, masu rini, masu huluna, kuma mai tsara kaya ɗaya zai yi shekara goma yana yi wa jaruma ɗaya har ya san jikinta fiye da ita. Adrian ya ga Joan Crawford tana da faɗin kafaɗa, maimakon ya ɓoye sai ya ƙara faɗaɗa ta don ƙugu ya ƙara sirancewa a ido, farar rigar da ya yi mata a Letty Lynton na 1932 mai manyan hannuwa masu tattara kamar fure sai da kantuna a Amurka suka dinga kwaikwayonta suna sayarwa. Abin mamaki fim ɗin kansa an janye shi a 1936 saboda shari'ar satar labari, aka yi shekaru da dama ba a ganinsa, amma rigar ba ta ɓace ba. Yanzu kuwa fim na zamani sau da yawa sayo kayan ake yi ko a aro daga manyan kamfanonin kwalliya, ba a gina su a jikin mai sawa ba.

Wani lokacin ma kuskure ne ke haifar da abin tarihi, a All About Eve na 1950 an ɗinka wa Bette Davis riga ruwan ƙasa aka samu matsala a awo wuyan ya yi mata yawa, ga shi lokacin ɗauka ya yi, sai ta ja wuyan ya sauko daga kafaɗunta, aka ɗan kama shi a haka, ita ce yanzu ake tunawa. Sana'ar kuma ba ta rasa rashin adalci, Givenchy ne ya ba Audrey manyan kayan da ta sa a Sabrina na 1954, lokacin da ta je shagonsa a Paris ma ya zaci wata shahararriyar jaruma daban, Katharine Hepburn, ce za ta zo, amma da aka tashi ba da Oscar Edith Head ce ta karɓa ba a ambaci sunansa ba. Ina girmama Edith Head ƙwarai amma a nan ba ta kyauta ba.

In kina son ganin inda riga ta zama ita ce labarin kacokan ki nemi Vertigo na 1958. Daraktan fim ɗin, Hitchcock, ya dage sai jaruma Kim Novak ta sa kwat da siket ruwan toka, ita ba ta so, kuma toka ba ta cika karɓar mace mai farin gashi ba, tana sa ta yi fayau kamar ba ta duniya ba, to abin da yake nema kenan. A rabin fim na biyu namijin ya dinga bin kanti yana neman irin wannan kwat ɗin sak don ya tilasta wa wata mace ta koma siffar wadda ya rasa. Tufa mara ado ko ɗaya amma in kika cire ta fim ɗin ya rushe.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya ma muna da namu misalan. Mughal-e-Azam na 1960 an kawo teloli daga Delhi, masu surfani daga Surat, maƙeran zinariya daga Hyderabad, takalma daga Agra, shi ya sa kayan Madhubala har yau suke da kwarjini. Bhanu Athaiya kuma, wadda ita ce 'yar Indiya ta farko da ta ci Oscar a 1983 kan fim ɗin Gandhi, ita ta yi wa Mumtaz sarin nan ruwan lemo a Brahmachari na 1968, ta riga ta ɗinke naɗin ta sa zif a gefe don jarumar ta yi rawa son ranta ba tare da ya warware ba. Matsalar rawa ce ta haifar da salon da mata suka yi ta kwaikwayo.

Ni kaina na taɓa aiki a wani shiri inda aka ce jarumar 'yar talakawa ce mai tallan abinci a ƙauye, ranar ɗauka ta iso da sabuwar atamfa dal ta sha guga da sitati ko takardar jikin ba a gama ɓarewa ba, don ba a ware kuɗin sutura ba an ce kowa ya zo da nasa. Raina ya ɓaci sosai don na san mai kallo ba zai yarda da hawayenta ba. Na roƙi a ba ni dare ɗaya, na samo tsohon zani na jiƙa shi a ruwan shayi mai kauri, na goge gwiwa da bakin kalmasa da dutse, na sa faci ɗaya da zaren da bai dace da launin ba kamar yadda uwa za ta yi da abin da ta samu. Washegari da ta ɗaura tafiyarta ma sai da ta canza.

Don haka tunda kin ce za ki iya fitar da baƙar rigar, ina so ki gwada da gaske. Ki fara da yadi mai araha kafin ki taɓa satin, ki ƙara mata hannu in kina so, amma ki mai da hankali kan wuyan baya ya kwanta lif a fata ba tare da ya buɗe baki ba in mai ita ta juya. Ki yi shafi, ki bar rigar a rataye kwana ɗaya kafin ki yi kalmasar ƙasa don yadin ya gama saukowa. In kin gama ki sa wa wata ta yi tafiya ta zauna ta ɗaga hannu, ki ɗauke ta bidiyo da wayarki ta baya da ta gefe, sau ɗaya a rana sau ɗaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sannan ki cire kalar hoton ki mayar da shi baƙi da fari ki duba inda ya tattare. Ki turo min in gani, sai mu yi maganar yadda za a gyara ƙugun.